Na je Shimla na dawo, har yanzu gwiwoyina ba su yafe min ba

Abba Fagge:
Slm jama'a. Na yi alƙawarin zan ba da labarin tafiyarmu Shimla, garin nan na kan tsauni a arewacin Indiya, to gashi, amma a yi haƙuri da tsawo dan wlh ban ma san ta inda zan kamo ba. Mu uku ne, ni da abokin ɗakina Bakatsine sai wani ɗan Damagaram da muke makaranta ɗaya a nan Punjab. Hutun ƙarshen shekara aka ba mu muka ce maimakon mu kwanta a ɗaki muna ƙirga silin gara mu je mu gano garin nan da 'yan ajinmu suka ishe mu da zancensa. Da asuba muka isa Kalka, nan ake hawan ƙaramin jirgin ƙasan, kuma in na ce ƙarami to ƙarami nake nufi, faɗin dogon nasa ƙafa 2 ne da inci 6, taragon kamar an ɗan buɗa motar haya an ɗora a kan ƙarfe. Kilomita 96 ne kacal tsakanin Kalka da Shimla amma sai da muka shafe awa biyar da ɗoriya saboda hawa ne zalla, daga mita 656 za ka tashi ka ƙare a sama da mita 2,000, jirgin yana ta zagaye dutse kamar mai naɗa rawani. Ya shiga rami ya fita ya sake shiga, ramuka 102 ake ratsawa a cikin duwatsun, gadoji kuwa sun haura 800. Duk ramin da aka shiga sai yaran taragonmu su kwashe da ihu har a fito, tun ina jin haushi har na tsinci kaina ina taya su.

A tashar Barog aka tsaya muka sha shayi, nan rami mafi tsawo yake, ya ɗan haura kilomita ɗaya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ba ni labarin da ake bayarwa a kan sunan wajen, wai injiniyan Bature ne ya sa a fara fasa dutsen ta ɓangare biyu da nufin a haɗe a tsakiya, aka yi ta haƙa ba a haɗu ba, gwamnati ta ci shi tarar rupi ɗaya tak, kunya ta sa ya harbe kansa. Na ce a raina rupi ɗaya fa. Bari in yi la'asar in dawo in ɗora.

Bala Jos:
Hhhh rupi ɗaya. A wajenmu mutum ya cinye kuɗin gadar gaba ɗaya sannan a kira makaɗa a naɗa masa sarauta

Maman Ilham:
Abba dan Allah kar ka daɗe, ni da biyu nake bin labarin nan. Muna Delhi da Hajiyarmu an yi mata aikin gwiwa sati uku kenan, likita ya ce sai ta ƙara sati biyu ana gashi kafin a sallame mu, ni kuma zaman ɗakin nan ya fara cina. Wata nas ce ta ce mu je Shimla mu sha iska

Baba Habu Zariya:
Assalamu alaikum. Yaro Abba, ka ce ƙafa 2 da inci 6? Allahu Akbar. Ai daidai faɗin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau Jos har Bukuru kenan. Mahaifina Allah ya jiƙansa ma'aikacin reluwe ne, ya yi aiki a wannan layin kafin a yi masa canjin wajen aiki zuwa babban layi. Turawa sun kira shi dogon Bauci duk da bai taɓa shiga garin Bauci ba, sun shimfiɗa shi ne don kwasar kuza, ya isa can a 1914, aka rufe shi a 1957 tun ina ƙaramin yaro. Yakan ce in jirgin ya zo hawa mutum zai iya sauka ya bi shi a ƙafa ya sake ɗarewa. Ashe akwai ɗan'uwansa da yake raye har yau.

Abba Fagge:
Na dawo. Baba wlh ban san wannan ba sai yanzu, kuma maganar sauka a bi shi a ƙafa haka take, na ga samari suna zaune a bakin ƙofa ƙafafu a waje ko a jikinsu. Nasu an buɗe shi ne a 1903 wato ya girmi namu da kaɗan, kuma tun 2008 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

To mun sauka Shimla bayan azahar, abu na farko da ya fara marabtarmu sanyi ne, irin wanda yake shiga ta tafin ƙafa. Abu na biyu matattakala. Jama'a garin nan ba a shimfiɗe yake ba, rataye shi aka yi a jikin tsauni, rufin gidan wani shi ne daidai ƙofar gidan wani, in aka ce maka waje kaza yana kusa to a tambaya sama ko ƙasa. Otal ɗin farko da muka yi bukin ta waya muna zuwa mutumin ya kalle mu ya kalli fasfo ɗinmu ya ce ba sa karɓar baƙin waje, wai ba su da rajistar cike fom ɗin da ake kira Form C wanda dole otal ya cike wa duk ɗan ƙasar waje. Ko gaskiya ya faɗa ko fatarmu ce ba ta yi masa ba Allah masani, mun dai ja jakunkuna muka yi gaba. Wanda muka samu daga baya sai ka sauka taki 140 daga titi, na ƙirga da kaina dan sau shida na hau na sauka a kwana uku.

Maman Ilham:
Innalillahi. Taki 140? To ai zancen Hajiya ya ƙare tun a nan

Abba Fagge:
Anti gsky kar ki kai ta yanzu. Akwai lifta da take ɗaukar mutane daga titin ƙasa inda motoci suke tsayawa zuwa Mall Road, babban titin shaguna na tsakiyar gari, ana biyan kuɗi kaɗan, amma ko kin hau ta sauran yawon duk a ƙafa ne domin ba a barin mota ta shiga Mall ɗin da filin Ridge sai ta asibiti da irinsu. Mai sabon aikin gwiwa ba wajen zuwanta ba ne. Ke kaɗai kuwa in akwai mai zama da ita za ki iya, daga Delhi jirgin Shatabdi kamar awa huɗu ne zuwa Kalka

Sani Kwamared:
Ni fa ban gane wannan zumuɗin ba. Garin da Turawan mulkin mallaka suka gina don su gudu daga zafi su bar talakan Indiya yana soyuwa a ƙasa shi ne za mu zo nan muna ta Allahu Akbar a kai? Jirgin ma ai ba don ɗan Indiya aka yi shi ba, don a kai Bature da matarsa da karensa inda za su sha iska ne. Namu na Jos kuma don a sace kuza. Ku dinga faɗar abu da sunansa

Bala Jos:
Kwamared ya iso, a gyara zama

Sadiya Tarihi:
Kwamared a nan kam ba ka yi ƙarya ba sai dai ka gajarta. Turawa sun samu yankin ne bayan yaƙinsu da Gurkawan Nepal na 1814 zuwa 1816, lokacin wajen ƙauye ne da daji. Wani hafsa Charles Kennedy ya gina gida na farko mai ƙwari a 1822, daga nan aka fara tururuwa. A 1864 Gwamna Janar John Lawrence ya mai da garin hedikwatar gwamnati ta lokacin zafi, wato duk shekara in zafi ya kawo kai sai a tattara gwamnati sukutum, fayil-fayil da akawuna da masu dafa abinci, daga Kalkata a yi tafiyar sama da mil dubu a hau tsauni, sai sanyi ya fara shigowa a sake saukowa. Ku tuna kusan shekara 40 ana wannan hijirar kafin jirgin ya zo. To wa yake ɗaukar kayan? Mutanen tsaunin ne, a baya da kuma a kan alfadarai, kuma da yawa aikin tilas ne da suke kira begar. Baba Habu zai gaya muku mu ma muna da sunansa

Baba Habu Zariya:
Ɗiban gwamna. Lokacin yaƙin Hitila aka dinga ɗibar mutane daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Kafin dogo ma a ka ake ɗaukar kuzar har Loko a bakin Binuwai. 'Yata Sadiya Allah ya yi miki albarka.

Sani Kwamared:
Yawwa. To kun gani

Abba Fagge:
Kwamared ka bari in kai inda za ni mana, ai ban gama ba. Ni abin da ya tsaya min a rai a tafiyar nan ba cocin nan mai launin ruwan ƙwai da kowa yake hoto a gabanta ba ne, ko da yake tana da kyau, Christ Church, tun 1857 take tsaye a kan Ridge, da daddare in an kunna mata fitilu daga ko'ina kana hango ta. Ba kuma gidan wasan Gaiety na 1887 ba. Ɗan dako ne.

Washegari da safe muna hawowa daga otal ina haki kamar wanda aka biyo, na dafa bango ina hutawa a wajen taki na 80, sai na ji ana cewa a ba da hanya daga bayana. Na waiga sai ga wani dattijo, gemunsa ya yi fari, ya ɗauro tukunyar gas biyu a gadon bayansa da igiya ya sunkuya har kansa ya kusa daidai da gwiwata, yana hawa a hankali taki ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri ba ya tsayawa, takalmin roba ne a ƙafarsa. Ni da ba na ɗauke da komai sai waya na matsa na ba shi waje, kunya kamar in nutse. Daga nan idona ya buɗe na fara ganinsu ko'ina, wani da firji, wani da buhunan siminti, wasu su huɗu sun jeru sun ɗauko doguwar tankar ruwa. Tunda mota ba ta shiga lungunan, duk abin da ka ci ko ka kwanta a kai a tsakiyar garin nan a bayan mutum ya hau. Yawancinsu 'yan Kashmir ne, Khan ake ce musu gaba ɗaya ko mene ne sunan mutum.

Ranar Juma'a muka nemi masallaci aka kwatanta mana Jama Masjid a cikin kasuwar tsakiya, ƙasa da Mall, ka bi wani siririn lungu ka sauka. Muna shiga na ga igiyoyi da barguna a jere a gefe, ashe da yawansu a nan suke kwana. A sahu kuma wa zan gani kusa da ni in ba dattijon nan mai tukunyar gas ba. Ya gane ni, dan ba wuya a gane mu a garin, ya yi dariya ya kwaikwayi yadda nake haki. Bayan an idar ya riƙe hannuna ya tambaye ni ƙasarmu da 'yar Hindin da nake ji, na ce Najeriya, ya ce akwai Musulmi da yawa? Na ce sun fi na Kashmir yawa nesa ba kusa ba, ya yi ta jinjina kai yana masha Allah. Tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Ya ja mu dole sai mun sha shayi, kuma ya hana mu biya, mutumin da na san kuɗin shayin nan sai ya hau taki ɗari kafin ya same shi.

Maman Ilham:
Allah sarki. Wlh har na ji ƙwalla

Sani Kwamared:
To ai maganata ka ƙarfafa Abba. Bature ya tafi tun 1947 amma har yau talaka ne yake ɗaukar garin a baya, sai dai an canza wanda ake ɗaukar wa

Abba Fagge:
Ban musa ba. Amma da na zauna a ɗaki ina zagin Bature da ban gan shi ba ai

Isuhu Damagaram:
Ni ne na ukun da ake faɗi. Abba ka ba da labarin biri ko in ba da, kar ka tsaya nan kana ta sa mutane kuka ka ɓoye abin kunyarka

Bala Jos:
Isuhu ba mu mu sha

Isuhu Damagaram:
To akwai tsauni mafi tsawo a garin sunansa Jakhu, kusan mita 2,450, a samansa akwai wurin bautar Hindu da wani ƙaton gunkin Hanuman mai ƙafa 108, jan-ja haka, ya fi itatuwan wajen tsawo, tun daga Ridge kake ganinsa. Tun a ƙasa masu shaguna suke ba da hayar sanda suna cewa a cire tabarau a sa a aljihu saboda birai. Malam Abba ya ce shi Bakano ne biri bai isa ba. Ba mu yi minti biyar da isa sama ba wani ya diro masa a kafaɗa ya zare gilashin ya haye reshe ya zauna yana jujjuya shi kamar mai duba kaya a kasuwa. Abba kuma in ba gilashi ko ni ba ya ganewa. Sai ga wani yaro ya zo da ƙullin gasasshen wake ya ce rupi 20, aka jefa wa birin, ya cafe da hannu ɗaya ya saki gilashin da ɗayan. Ni har yau ban yarda ba haɗin baki ba ne tsakanin yaron da birin

Bala Jos:
Hhhhhh wayyo cikina. Biri ya yi garkuwa da gilashi an biya kuɗin fansa

Abba Fagge:
Isuhu Allah ya isa. Kuma ya tauna min hannun gilashin, har yanzu da shaidar haƙorinsa nake yawo

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Ana ta dariya amma ni akwai abin da ya tsaya min. Me ya kai ɗalibai Musulmi wajen da ake bautar gunki tun farko? Duk faɗin garin ba wajen kallo sai can? Ina ganin ya kamata a kiyaye, musamman da yake ƙanana suna karanta abin da ake rubutawa a nan.

Isuhu Damagaram:
Ustaz ba mu shiga ɗakin bautar ba, ko takalmi ba mu cire ba. Tsaunin muka hau saboda daga can ake hango duwatsun Himalaya na nesa masu farar ƙanƙara a ka, kuma mun gansu, layi guda fari fat a ƙarshen sama. Su suna ibadarsu mu muna kallon ikon Allah ba wanda ya takura wa wani

Ustaz Nura:
To madalla da ba ku shiga ba. Ni dai nasiha na yi. Ya kuka yi da abinci? Domin na san yankan can akwai matsala.

Abba Fagge:
Wannan tambayar ta fi ta farko amfani Ustaz hhh. Eh akwai yankan da suke kira jhatka, sara ɗaya ake yi a cire kai, shi ya fi yawa a yankin, don haka in ba ka ga an rubuta halal ba ko ka tambaya ka tabbatar to ka haƙura da nama. A kusa da masallacin akwai masu abinci Musulmi nan muka ci naman akuya sau ɗaya. Naman shanu kuwa kar ma ka furta. Sauran kwanakin ganye da wake muka bi, kuma akwai wani abu nasu siddu, kamar alkubus ne aka cusa masa haɗi a ciki aka turara, a zuba man shanu a kai, da zafinsa a cikin sanyin nan wlh ba magana. Tuffa kuma kamar a ba ka kyauta.

Alwala ce dai jarabawa. Ruwan famfo da asuba in ka zuba a hannu sai ka ji kamar an sare shi, mai otal ya ba mu bokiti da hita irin wadda ake tsomawa, sai ka tashi minti ashirin kafin lokaci ka jona. Bakatsinenmu rana ta biyu ya fara tambayar hukuncin taimama

Sadiya Tarihi:
Tuffar nan ma da labarinta kuma ya haɗu da maganar begar ɗin ɗazu. Wani Ba'amurke Samuel Stokes ne ya kawo irin tuffa mai zaƙi daga Amurka ya dasa a wajen Kotgarh a 1916, ya auri 'yar yankin ya zauna, kuma shi ne ya tsaya kai da fata wajen yaƙar aikin tilas ɗin, har Turawan Ingila suka ɗaure shi a 1921. Yau tuffa ce babban abin da manoman tsaunukan Himachal, jihar da Shimla take ciki, suke samun kuɗi da shi. Kwamared sai ka yi haƙuri, farar fata ne shi ma.

Abba kun shiga gidan Gwamna Janar kuwa? In ba ku shiga ba ku koma

Sani Kwamared:
Mutum ɗaya a cikin dubu ba ya wanke sauran

Abba Fagge:
Mun shiga Yaya Sadiya, rana ta uku. Yana can gefen gari a kan wani tudun daban, tafiya ce mai ɗan nisa daga Mall cikin dogayen itatuwan deodar. Ginin dutse ne ruwan toka kamar an ɗauko shi daga Ingila an dire, an gama shi a 1888 zamanin Lord Dufferin kuma tun lokacin da wutar lantarkinsa, ciki duk katako ne na Bama har sama. Yanzu cibiyar bincike ce ta manyan malamai tun 1965, shi ya sa ɗakuna kaɗan ake zagayawa da mutane, rukuni-rukuni da ɗan rakiya, sauran an mai da su laburare. Mun ga hotunan taron 1945 a bango. Gsky ɗan rakiyar yana sauri kuma rabin bayanin da Hindi yake yi, ke ki cike mana

Sadiya Tarihi:
Wannan gidan ai rabin tarihin rabuwar Indiya da Pakistan a cikinsa aka yi. A watan Oktoba 1906 tawagar manyan Musulmi ƙarƙashin Aga Khan ta hau Shimla ta samu Gwamna Janar Lord Minto ta nemi a ware wa Musulmi kujerunsu na zaɓe, ƙarshen shekarar aka kafa jam'iyyar Muslim League a Dhaka. Taron 1945 da ka ga hotonsa Gwamna Janar na lokacin Lord Wavell ne ya kira don a kafa majalisar zartarwa ta 'yan ƙasa, ya watse saboda Jinnah, shugaban League, ya dage cewa League ce kaɗai za ta zaɓi wakilai Musulmi, jam'iyyar Congress kuma ta ƙi, ga shi shugabanta a lokacin Maulana Azad shi kansa Musulmi ne. A watan Mayu 1947 a Shimla ɗin dai Mountbatten, Baturen ƙarshe da ya mulki ƙasar, ya nuna wa Nehru, jagoran Congress, daftarin miƙa mulki, Nehru ya yi fatali da shi, aka sake rubuta wanda ya kai ga raba ƙasar a watan Agusta. Mutane miliyoyi suka bar gidajensu, waɗanda suka mutu Allah kaɗai ya san iyakarsu. Bayan yaƙin Indiya da Pakistan na 1971 kuma shugabanninsu Indira Gandhi da Zulfikar Ali Bhutto a garin suka sa hannu a yarjejeniyar Yuli 1972, ita ce ta tsayar da layin da ya raba Kashmir a yadda yake yau, sai dai wannan a wani gidan aka yi ba wannan ba.

Wato dattijonka mai tukunyar gas, ƙasarsu ma a saman tsaunin da yake hawa da kaya aka zauna aka ja mata layi

Abba Fagge:
Kai. Wannan bai zo min a rai ba sam

Bala Jos:
Ni abin da yake ci min rai daban ne. Jos ma ai don sanyinta Turawa suka so ta, mita 1,200 da wani abu, har otal ɗin Hill Station muna da shi. Kawunan jirgin da Baba yake magana suna nan a ajiye kusa da gidan tarihi, muna yara muna hawa muna wasa ban taɓa sanin daga Zariya suke zuwa ba sai yau. Su sun riƙe nasu yana kawo musu kuɗi mu mun tsige namu. Ka duba fa a damunar 2023 ruwa ya zabtare ƙasa a unguwar Summer Hill ta Shimla har mutane suka mutu a wani wurin bauta, na ga hoton dogon yana reto a iska ƙasan ta tafi, cikin 'yan watanni suka gyara jirgi ya ci gaba

Baba Habu Zariya:
Bala, a yi wa na da adalci. Ba lalaci ne ya sa aka rufe namu ba. Tun 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, to kaya in sun bi ƙaramin sai an sauke an sake lodi a Zariya saboda faɗin ba ɗaya ba ne, asara ake yi. Kuma Turawan ne da kansu suka rufe shi kafin 'yancin kai. Su na Shimla ba su da wani dogon sai shi. Inda za ka zarge mu shi ne babban layin da aka bar mana, me muka yi da shi. Wannan kam in na fara ba zan gama yau ba.

Sani Kwamared:
Baba a nan muna tare ɗari bisa ɗari

Isuhu Damagaram:
Ku kuna da wanda za ku yi kuka a kai ma. Mu Faransa ko taku ɗaya na dogo ba ta bar mana ba

Maman Ilham:
To ni dai ku dawo da ni kan hanya kafin ku tafi siyasa. In zan je ni kaɗai ko da ƙanina, kwana nawa ya isa, kuma zan ga dusar ƙanƙara? Dan gsky ita nake so in taɓa da hannuna in yi hoto in tura wa 'yan gidanmu

Abba Fagge:
Anti kwana biyu cikakku sun isa in ba ki haɗa da ranar tafiya da dawowa ba. Ƙanƙara kuma sa'a ce, mu ƙarshen Disamba muka je ba ta sauka a cikin gari ba, mutanen garin suna ta cewa da ba haka ba ne yanzu tana makara sai Janairu ko ma ta ƙi zuwa sosai. Sai da muka ɗau tasi zuwa Kufri, bai kai tafiyar awa ɗaya ba, can ma 'yar guntuwa muka samu a inuwar itatuwa ta yi datti, ga taɓo ga kashin dawaki ga masu dawakin sun yanyame ka kowa yana jan rigarka. Ni Kufri ba ta burge ni ba ko kaɗan, in ba an tabbatar miki ta zuba a satin ba kar ki ɓata kuɗinki.

Tikitin ƙaramin jirgin ki saya da wuri ta intanet dan yana ƙarewa musamman lokacin hutu, ki nemi kujerar dama in za ki hau, ta nan kwarin yake. Dawowa ki biyo mota ta fi sauri amma ki sha maganin amai tukunna, kwanar ba ta ƙarewa. Ki kira otal ki tambaye su abu biyu kafin ki biya, suna karɓar 'yan ƙasar waje, kuma taki nawa ne daga titi. Kar ki yar da shara ko ki riƙe leda a Mall suna cin tara. Sannan ki shirya wa hoto, mu sai da muka gaji, iyali guda za su tare ka a yi selfi, wani ya ce West Indies wani ya ce Afirka ta Kudu, duk ƙasashen da suka sani a wasan kurket

Sadiya Tarihi:
Ki kuma guji Mayu da Yuni in da hali, lokacin duk Delhi take kwararowa can gudun zafi, yadda Turawan suka koya musu. A 2018 ruwan sha ya yanke a garin kwana da kwanaki har mazauna suka dinga roƙon baƙi a intanet kar su zo. Garin da aka tsara wa mutane kaɗan ne yanzu ya zama babban birnin jiha. Yuli da Agusta kuma zabtarewar ƙasa

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Hajiya labarin birin tana ta dariya har nas ta leƙo, ta ce in je amma in bar gilashina a wajenta

Baba Habu Zariya:
Abba, in kana da hoton dogon kansa, ba jirgin ba, ƙarfen da katakon da ke ƙasa, ka turo min. Ina so in nuna wa yayata, ita ta taɓa hawa namu zuwa Rahama tana da shekara tara.

Abba Fagge:
Akwai Baba, na ɗauka a Barog da ƙafata a tsakiya dan a ga ƙanƙantarsa. Yana wayar Bakatsine, ya fita siyo ƙwai, yana dawowa zan turo